Jiƙo Ɗaya, Niƙa Ɗaya: Yadda Za Ki Riƙe Tukunyar Gidanki Mako Guda da Masara da Wake

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin cefane ya daina kaiwa inda ya saba kaiwa. Kuɗin mota ya hau, hatsi da kayan gwari suka bi bayansa, har a tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce tsadar abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a shekara guda. A lokacin ne aka fara jin sunan afafata a bakin matan da a da ko kallonta ba sa yi, shinkafar nan da masu casa ke warewa gefe su sayar wa masu kiwon kifi. Daga nan farashi ya yi ta hawa yana sauka, amma abin da maigida ke ajiyewa da safe bai ƙaru da yawa ba, ke kuma aka bar ki da lissafi.

Abin da na lura da shi a gidana mai mutum shida, ni da maigida da yara huɗu, shi ne kuɗin ba a cikin tukunya yake zurarewa ba. Yana tafiya ne a aiken yau da gobe: a sayo gwangwani biyu na gari, a kai markaɗen ɗari biyu, a ƙullo mai na leda, a hura wuta sau huɗu a wuni. Kowannensu ƙarami ne, amma in kika tara na mako sai ki riƙe baki. Don haka tsarin da zan bayyana a nan ya tsaya ne a kan hatsi uku, masara da wake da waken suya, da kuma yin aikin wahala sau ɗaya a mako. Da awo zan yi magana, da gwangwanin madara da kwano, domin farashin yau ba shi ne na gobe ba.

Mataki na farko: saye

Ba a fafe gora ranar tafiya. Hatsi yana araha ne da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, yana kuma kai ƙarshen tsadarsa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sabon amfani bai iso ba. In akwai halin sayen buhu da kaka, shi ne ribar shekara. In babu, ki nemi mata uku ko huɗu da kika yarda da su ku yi karo-karo, a tura mutum ɗaya kasuwar hatsi irin Dawanau a Kano ko kasuwar ƙauye mafi kusa ranar da take ci, a sayo buhu a raba da kwano. Kuɗin mota ɗaya, kuɗin dako ɗaya, kuma awon da za ki yi da hannunki a tsakar gida ya fi na mai shagon unguwa cika. Bashin mai shago kuwa, in da hali ki guje shi, kowa ya ci shinkafar rance tasa ya ci.

Na mako guda ga gida irin nawa, kwano huɗu na masara, kwano ɗaya da rabi na wake, kwano ɗaya na waken suya da rabin kwano na garin alabo suna riƙe mu. Sai kayan haɗi: kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, citta, kanwa, gishiri, ƙuli-ƙuli, albasa, manja da man gyaɗa. Ki gwada mako ɗaya ki ga cikin gidanki, sannan ki ƙara ko ki rage, daidai ruwa daidai tsaki.

Wajen zaɓe, ki ɗebi hatsin a tafin hannu ki shinshina. Masara ko gyaɗar da ta yi fumfuna, ko take warin rima, ko a kyauta aka ba ki kada ki karɓa. Irin wannan hatsin yana ɗauke da wata guba mai suna afalatoksin wadda ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Waken da kika ji yana tashin warin maganin ƙwari shi ma ki bar shi. Naki da kika saya, ki shanya shi ya sha rana sosai, ki ɗura a busasshiyar jarka ki cika ta har wuya, ki toshe bakin da leda ki murɗa marfi. In iska ba ta shiga ba, ƙwari ba sa rayuwa. Mai buhu guda kuma ta nemi buhun PICS mai ruɓi uku, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro tun asali saboda wake, ana samunsa wajen masu kayan noma, ba ya buƙatar ko ɗigon magani.

Tumatir da tattasai suna zubewa ne lokacin sanyi, daga Janairu zuwa Maris, sa'ad da kayan lambun Kadawa da Kura ke cika kasuwar Yankaba a Kano. A lokacin ake yanka a shanya kauɗa, domin ranar da damina ta shigo tumatir huɗu zai koma kuɗin kwando rabi. Amma ki lura, a duk girke-girken da ke tafe babu wanda ya dogara da tumatir. Da gangan na yi haka.

Mataki na biyu: ranar inji

Ki ware rana ɗaya, ni Asabar nake yi saboda yara suna gida. A surfa masarar duka, a sheƙe dusa, a wanke, a baza ta sha iska. Dusar kada a zubar, masu kiwon kaji da awaki suna saye, ko ki musanya da maƙwabciya mai kaji ta ba ki ƙwai. Sai ki raba masarar uku. Kwano biyu da rabi a niƙa gari na tuwo. Kwano ɗaya a ɓarza, ki tankaɗe, tsakin ya zama na dambu da fate, ɗan garin da ya fita ki haɗa da na tuwo. Rabin kwanon da ya rage ki jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu da citta da kanumfari da ɗan barkono, a markaɗa, ki tace, ya zama kamun koko. Ruwan da ya kwanta a kan kamun nan kada ki zubar da shi. Ki tsiyaye a galan ki rufe, zai yi tsami, kuma yanzu za ki ji amfaninsa.

A tafiyar da za a kai masarar inji ne za a niƙo garin ɗanwake: rabin kwano na wake, a gyara shi a bushe, a haɗa da alabon a niƙa tare. Ki ce wa yaron da kika aika ya tsaya a kan kayansa ya ga an kakkaɓe inji, domin garin da ke maƙalewa a ciki ba kaɗan ba ne.

Da yamma ki daka yaji na mako: barkono, citta, masoro, tafarnuwa kaɗan, gishiri, magi da ƙuli-ƙuli mai yawa. Ƙulin yana kashe zafin barkonon, yana kuma ƙara wa yajin auki da maiƙo, yadda yaro zai iya barbaɗa da yawa ba tare da ya yi kuka ba. Kwalba ɗaya ta yajin nan ita ce miyar ɗanwake, ita ce ta garau-garau, ita ce ta awara da dafaffen dankali.

Mataki na uku: awara, naman talaka

A nan zan daɗe, domin a nan ne aka fi samun sauƙi, a nan ne kuma aka fi yin asara in hannu bai faɗa ba. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na waken suya sinadarin gina jiki ne, ya ma zarce waken da muka saba ci, wanda nasa ke wajen kashi ɗaya cikin huɗu. Awarar da yara ke saya a bakin titi yanka-yanka, in kika yi ta a gida, kuɗin faranti biyu zai ba ki ta wuni biyu.

Ki auni gwangwani shida na waken suya, ki tsince tsakuwa da ruɓaɓɓe, ki wanke ki jiƙa. Da sanyi kwana guda ya yi, da zafi kuwa awa biyar zuwa shida ya isa, in ya wuce haka zai yi tsami tun kafin a je ko'ina. Alamar ya jiƙu, in kika matsa ƙwaya da yatsu za ta rabe biyu cikin sauƙi. Ki sake wankewa ki kai markaɗe, a yi shi da laushi ƙwarai, domin markaɗe mai tsaki-tsaki yana barin rabin madarar a cikin dusa.

In an dawo da shi, ki zuba cokali ɗaya na manja ki juya, yana kwantar da kumfa ya sa tata ta yi sauƙi. Ki ƙara ruwa, ki juye a ƙyallen tata ki matse. Dusar ki sake zuba mata ruwa ki matse karo na biyu, har sai kin ga abin da ke fita ya tsinke. Sai ki ɗora madarar a babbar tukunya wadda ba za ta wuce rabinta ba. Ki tsaya a kai. Madarar waken suya ba ta da kunya, kina juya baya za ta taso ta kashe miki wuta.

In ta tafasa, ki rage wuta ki bar ta tana ɓararraka kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin. Wannan dafuwar dole ce, ɗanyen waken suya yana da abin da ke hana ciki narkar da abinci, zafi ne ke kashe shi. A daidai nan nake ɗibar kofi uku ko huɗu in ajiye gefe, in sa ɗan sukari, yara su sha da koko da safe a madadin madarar gwangwani.

Yanzu ruwan tsami. Wanda kika tsiyaye daga kan kamu ya kwana biyu ko uku shi ne mafi araha, tunda kyauta ne. In babu, ki jiƙa tsamiya ki tace, ko ki matse lemon tsami. Ranar da na fara yin awara ni kaɗai, sai na ɗauki kwanon ruwan tsamin na antaya shi gaba ɗaya, na kuma kama juyawa da muciya kamar mai tuƙa tuwo. Abin da ya fito ɓarɓashi ne mai tsami, ya ƙi haɗuwa, na tsaya ina kallon gwangwani shida sun tafi. Wata dattijuwa da muke katanga ɗaya, Inna muke ce mata, ta leƙo ta ga ƙyallen a hannuna.

"'Yar nan, faɗa kika yi da ita ne?" in ji ta. "Awara lallashi take so. Ludayi ɗaya, ki zagaya da shi bakin tukunya, ki cire hannunki ki jira."

Na ce, "To Inna, in ban juya ba yaya za ta haɗu?"

Ta ce, "Ita ta san hanya."

Haka kuwa abin yake. Ki zuba ludayi ɗaya a kewaye, ki jira minti ɗaya. Za ki ga farin abu ya fara tattaruwa yana tasowa kamar gajimare. Ki ƙara wani ludayin a wuraren da har yanzu suke fari kamar madara. Da zarar ruwan ƙasa ya koma garai-garai, mai ɗan ruwan ɗorawa, ki tsaya, ya isa. In kika ƙara bayan nan, tauri da tsami za ki samu. Sai ki watsa jajjagen attaruhu da albasa da gishiri da magi a kai, ki kwashe da matsami zuwa cikin ƙyalle mai tsabta, ki ɗaure tamau, ki ɗora a kan turmin da aka kifa ko faifai, ki danne da dutse ko bokitin ruwa. Rabin awa yana ba da awara mai laushi, awa ɗaya mai ƙarfi wadda ba ta farfashewa a miya. Ruwan da ya tsane daga jikinta ki tara a galan, shi ne ruwan tsamin mako mai zuwa.

Ki yanka ki raba biyu. Rabi a soya a ci da yaji da yankakken kabeji da albasa, abincin dare ke nan in aka haɗa da kunu. Ɗaya rabin ki yanka ƙanana ki soya su ƙafe sosai, su ne za su shiga miya ko dafa-duka gobe a matsayin nama. In ba ki da firji, kada ki bar ɗanyar awara ta kwana, ki soya ta a ranar, washegari kuma ki sake ratsa ta da wuta kafin a ci.

Dusar awara mutane da yawa akuya suke ba wa. Ni nakan ɗebi rabi in haɗa da garin fulawa kaɗan da albasa da attaruhu da gishiri, in mulmula in soya a wuta marar ƙarfi har cikin ya dahu. Ba ta kai ƙosai daɗi ba, gaskiya, amma da yaji ba ta kwana.

Mataki na huɗu: abincin rana

Ɗanwake ya fi komai saurin fitar da mutum kunya. Ki jiƙa kanwa kamar girman ƙwayar dabino a kofi ɗaya na ruwa, ki bari ta narke ki tace. Ki auni gwangwani biyar na garin da aka niƙo, ki zuba cokali uku na kuka, ki gauraya a bushe tukuna, sannan ki zuba ruwan kanwar da ruwa kaɗan-kaɗan kina kwaɓawa har ya yi danƙo yana bin hannu. Kada ya yi ruwa, kada ya yi tauri kamar na cincin. Ruwa na tafasa a tukunya, ki riƙa gutsura da yatsu kina jefawa. Ki fara da guda ɗaya: in ya narke, kwaɓin ya yi ruwa ko kuka ta yi kaɗan, sai ki gyara kafin ki yi asarar sauran. Zai nutse, can ya taso. In kumfa ta yunƙuro ki yayyafa ruwan sanyi. Bayan ya taso ki ba shi kamar minti goma, ki ciro ɗaya ki raba, in babu farin gari a tsakiya ya dahu. Ki tsame a ruwan sanyi, ki tsane, a zuba soyayyen mai da albasa da yaji.

Kanwa dai a yi hankali da ita, a ɗanwake ko a dafa wake. In ta yi yawa tana ɓata ciki, tana kuma kashe wani ɓangare na bitamin da ke cikin abincin.

Fate shi ne abincin ranar da aljihu ya yi ƙasa ƙwarai. Ki dafa gwangwani ɗaya na wake ya yi laushi, ki ƙara ruwa mai yawa, ki sa manja, daddawa, albasa, attaruhu, gishiri da dakakkiyar gyaɗa ko garin ƙuli. In ya tafasa ki wanke gwangwani uku na tsaki ki riƙa zubawa kina juyawa don kada ya yi gudaji. Ya kusa dahuwa sai ki zuba yakuwa da alayyahu masu yawa, ki rufe minti biyar ki sauke. Ki bar shi da ɗan ruwa-ruwa, yana hucewa yana kauri. Haɗin hatsi da wake ba don cika ciki kaɗai ba ne, abin da masara ta gaza da shi na gina jiki wake yana da shi, abin da wake ya gaza masara ta cike.

Dambu ya fi cin lokaci, don haka ranar da ba ki da fita za ki yi shi. Ki wanke tsaki ki tsane, ki turara a madambaci har ya fara laushi. In ba ki da madambaci, ki ɗora kwandon ƙarfe a bakin tukunya ki naɗe mahaɗar da tsumma mai ɗanshi don kada tururi ya tsere. Ki juye a roba, ki yayyafa ruwa kaɗan, ki zuba zogale ko rama, albasa, attaruhu, dakakkiyar gyaɗa, gishiri da magi, ki cakuɗa ki mayar ya sake turara. Mai sai an zo ci ake zubawa, cokali ɗaya a kowane kwano. In kika zuba a tukunya tsakin zai shanye shi ki neme shi ki rasa.

Garau-garau kowa ya iya. Abin da kawai zan ce, in shinkafa ta yi tsada ki juya awon: wake biyu, shinkafa ɗaya.

Mataki na biyar: tuwon dare da miyar da ba nama

Miyar kuka ba ta buƙatar nama in an san sirrinta, kuma sirrin wake ne da daddawa. Ki surfa rabin gwangwani na wake ki cire bawon, ki daka shi sama-sama. Ki ɗora ruwa, ki zuba waken da daddawar da kika daka tare da citta, barkono, masoro da albasa, ki sa manja kaɗan. In akwai kan busasshen kifi ko ƙashin da mahauci ke sayarwa da araha, ki jefa. Ki bar shi ya yi ta dahuwa har waken ya narke, warin daddawa ya koma ƙamshi. Gaggawa a wannan wurin ita ke sa a ce miyar wance tana warin daddawa. Sai ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa kuka da hannu ɗaya kina kaɗawa da maburgi da ɗayan. Minti biyar bayan nan ki sauke, kuma kada ki rufe ta ruf, tana tsinkewa. Haka za ki yi da busasshiyar kuɓewa washegari, rana ta uku ki yi miyar zogale da gyaɗa ki jefa soyayyar awarar nan. Miya uku ke nan a kan tuwo ɗaya, ba wanda zai ce kullum abu guda ake ci.

Tuwon kuma ki tuƙa da yawa da gangan, yadda zai kwana a yi ɗumame. Ɗumame da koko mai madarar waken suya ya fi shayi da burodi riƙe cikin ɗan makaranta, kuɗinsu kuwa ko kusa ba ɗaya ba.

Maganar wuta

Gas ko gawayi ko itace, duk wanda kike amfani da shi, wake ne babban mai cinye shi. Ki jiƙa wake tun dare, ki zubar da ruwan jiƙon da safe, zai dahu cikin kusan rabin lokacin da ya saba, kuma ba ya kumbura ciki sosai. Ki dafa na girki biyu a lokaci guda.

Akwai kuma dabarar bargo. Ki samu kwando ko kwali mai ɗan girma, ki shimfiɗa tsohon bargo ko tsofaffin zannuwa a ciki. In wake ya tafasa sosai na minti goma sha biyar, ko shinkafa ta tafasa na minti biyar, ki sauke tukunyar a rufe, kada ki buɗe, ki sa ta a kwandon ki lulluɓe ta ko'ina har sama. Zafin da ta ɗauka shi zai ƙarasa aikin. Shinkafa takan yi cikin minti arba'in, wake awa biyu zuwa uku, ba ƙonewa, ba tsayuwa a kai. Maigidana dariya ya yi ranar da ya ga na lulluɓe tukunya kamar mai zazzaɓi, har yana tambaya ko a kira mata mai magani. Da ya ga silindar gas ta ƙara kwanaki bai sake magana ba. Sharaɗi ɗaya: in abincin ya daɗe a ciki har ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, a sake tafasa shi kafin a ci.

Mai gawayi, in kin gama girki ki kashe garwashin da yashi ko ki kife masa tsohuwar tukunya, gobe zai sake kamawa. Kuma komai sanyi kada a shiga ɗaki da kurfoti a rufe ƙofa, hayaƙinsa marar wari yana kashe mutane a cikin barci.

Abin taɓawa na yara

Kuɗin tara na makaranta, in yara huɗu ne, a wata yana kai kuɗin kwanon wake da yawa, kuma yawanci alawa da biskit ake sha da shi. Abu biyu nake yi ranar Lahadi.

Kantu: ki soya gwangwani biyu na riɗi ko gyaɗa sama-sama ba mai, gyaɗar ki murje bawo ki ɗan farfasa. Ki zuba gwangwani ɗaya na sukari a busasshiyar tukunya a kan wuta kaɗan, ki bar shi ya narke ya zama ruwan zuma. Da ya narke ki juye riɗin ki juya da sauri, ki zuba a farantin da kika shafa wa mai, ki daddanne da kwalba, ki yanka tun da zafinsa. In ya huce wuƙa ba za ta shiga ba. A gwangwani mai marfi yana mako biyu lafiya, in kin ɓoye shi inda hannu ba ya kaiwa.

Wainar rogo: ki fere rogo, ki dafa a buɗaɗɗiyar tukunya, ki zubar da ruwan, ki cire jijiyar tsakiya ki daka da attaruhu da albasa da gishiri, ki mulmula ki ɗan danne shi ki soya. Rogon ci za ki saya wajen wanda kika sani. Wanda kika ɗanɗana kika ji ɗaci ki zubar, irin na yin garin kwaki ne, gubarsa ba ta fita sai an jiƙa shi kwanaki, kuma ya sha hallaka mutanen gida guda.

Tsakanin ƙosai da alale kuwa, in mai ne damuwarki, alale za ki yi. Ƙullu ɗaya ne, amma cokali huɗu na manja ya ishi na gida duka, ƙosai kuwa sai an cika kasko. Ki tara gwangwanayen madara da na tumatir ki riƙa turarawa a ciki, kin huta da sayen leda. Sauran ranaku dafaffen dankalin Hausa da yajin ƙuli ya wadatar, ko gyaɗa mai gishiri a ƙulle a takarda.

Ƙasan tukunya

Ƙanzon tuwo in kin kankare, ki shanya shi a faifai ya bushe ƙarau, ki tara a buhu inda ba rima. Na mako biyu yakan cika kwano. Ranar da za a ci, ki ɗan daka shi ya farfashe, ki wanke, ki jiƙa a ruwan ɗumi ya yi laushi amma kada ya narke, ki tsane. Ki dama garin ƙuli da ruwa kaɗan ya yi kauri, ki sa gishiri, magi, yaji, yankakkiyar albasa da cokali biyu na man gyaɗa, in akwai dafaffen zogale ki zuba, ki cakuɗa da ƙanzon. Ki matsa rabin lemon tsami a kai, ki rufe ya yi minti goma ƙulin ya ratsa shi. A gidana ranar Juma'a da rana ake cin kwaɗon ƙanzo, lokacin da garin mako ya zo ƙarshe, masarar gobe kuma tana wajen surfe.